Kafin Ka Zabi Harsashi, Tambayi Kafadarka Da Dajinku Da Doka



Abin da ya sa na dauko alkalami yau wani musu ne da ya barke a rumfar babana bayan La'asar, muna cikin daure huhun goro. Wani abokina, dan Azare kamar ni, wanda shi ma a nan kudu aka haife shi, ya shiga wani sabon shauki. Kullum yana rike da waya yana kallon Turawan Amurka suna hawa duwatsu, kowa rataye da 'yar bindiga mara nauyi, suna harbin manyan namun daji daga nesa. Sai ya ce wallahi in ya tara kudi irin ta zai saya, ya tafi gida da rani ya nuna wa mutanen Katagum yadda ake farautar zamani. Abin da kawai ya dame shi, wai, shi ne wane harsashi zai zaba: .308 ne, ko 6.5 din da ake yayi, ko kuwa .375 mai kayar da bauna? Nan fa rumfa ta kaure, kowa ya zama malami, alhali a cikinmu babu wanda ya taba harbin ko zabo.

Ni ma ba maharbi ba ne, dan mai goro ne, karatuna ma a sakandare ya tsaya. To amma Baffana, wan babana, maharbi ne a wani kauye kusa da tsohon garin Katagum, a bakin kogin Jama'are, kuma na sha yin hutun makaranta a wurinsa ina rike masa gora da burgami. Bayan wancan musu kuma na zauna na yi dan karance-karance. Ra'ayina shi ne: mutum ba ya zaben harsashi don ya burge shi. Abu uku ne ke zaba masa, wato kafadarsa, da naman da ke dajinsu, da dokar kasarsa. Mu kuwa 'yan Katagum mazauna kudu, duka ukun amsa daya suka ba mu.

Mece ce kaliba?

Bari mu fara da lambobin nan da ke rikita mutane. Abin da Turawa ke kira kaliba ba wani abu ba ne illa fadin bakin bindiga, wanda shi ne kaurin harsashin da ke bi ta ciki. Ingilishi da Amurkawa da inci suke awo, sauran Turai da milimita. In ka ji an ce .308, ana nufin harsashin bai kai sulusin inci ba, wato dan kasa da milimita 8. In an ce .375, wajen milimita 9 da rabi ke nan. Shi kuwa 6.5 da milimita aka fade shi kai tsaye.

Wadannan harsasai kowane da tarihinsa. Akwai 7x57 na kamfanin Mauser a Jamus, tun wajen 1892. Akwai .30-06 na sojan Amurka, wanda 06 din da ke jikin sunansa shekarar 1906 ce. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 a 1912 saboda masu farauta a Afirka da Indiya. Winchester ya kawo .270 a 1925, sannan .308 a 1952. Autansu shi ne 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ya fitar a 2007, shi ne samarin bidiyo ke ta zuzutawa.

Dubi bambancin nauyi. Kan harsashin .308 da aka fi farauta da shi bai cika giram 10 ba, yana kuma fita da gudun da ya haura mita 800 a dakika guda. Na .375 ya kusa giram 20, wato ninki biyu. Ga mai kallon waya, lissafin mai sauki ne: babba ya fi. To a nan gizo ke sakar.

Tambaya ta farko: kafadarka

Duk bindiga tana hauri. Karfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke turo bindigar baya, ta daki kafadar mai ita. Wannan mun karanta shi a darasin kimiyya a aji hudu, ba sabon abu ba ne. Abin da mutane ke mantawa shi ne nauyin bindigar shi ke shanye haurin. In ka rage nauyinta da rabi, karfin dukan ya ninka biyu. In ka sauko daga kilo 4 zuwa kilo 3, dukan ya karu da kashi daya cikin uku, alhali harsashin bai canza ba. In kuma ka sa .375 a bindiga mai nauyi daya da ta .308, haurinta ya fi ninki biyu. Shi ya sa makeran .375 ba sa yin ta sakayau, da gangan suke barin ta da nauyi.

Ashe ke nan abokina abu biyu yake nema wadanda ba sa zama a kwarya daya. Yana son bindiga mara nauyi don kada ta gajiyar da shi a tafiya, yana kuma son katon harsashi. Kamar mutum ne ya dora wa kuru kayan rakumi.

Kuma illar ba ciwon kafada kadai ba ce. Duk wanda bindiga ta taba haura da karfi, jikinsa ba ya mantawa. Gobe in ya zo danna kunama, kafin ta tashi ya riga ya runtse ido ya noke kafada, bakin bindiga ya kauce. Motsi kadan a hannu, a nisan mita 100 ya zama kamu guda ko fiye. Maimakon kahon zuciya, sai harsashi ya sami tumbi ko cinya, naman ya shige duhuwa ya kwana biyu yana wahala, ya mutu ya rube a banza. Babu nama, ga daukar alhaki.

Wannan ba sai Bature ya fada mana ba. Adakar Baffa ba ta da lamba ko daya a jikinta, amma ya san durin da ya dace da ita. Akwai durin zabo, akwai durin gada, kuma ba ya wuce iyaka. Akwai wani saurayi a kauyensu da ya cika wa tasa albarushi don wai ta fi kara a gaban 'yan mata ranar fita farauta, karfen ya tsage, yau da yatsu uku yake cin tuwo. Baffa ya kan ce mini, "Dana, bindigar da kake tsoro ba taka ba ce."

Tarihi ma ya goyi bayan Baffa. Akwai wani Bature dan Sikotlan, W.D.M. Bell, da ake wa lakabi da Karamojo saboda yankin Karamoja na Uganda inda ya yi farauta a farkon karni na 20. Ya kashe giwa fiye da 1,000, kuma akasarinsu da dan karamin harsashin nan na milimita 7. Sirrinsa shi ne ya rika tsaga kokon kan giwa yana nazarin inda kwakwalwa take, har ya san daidai inda zai sa harbi. Ba yabonsa nake ba, domin irinsu ne suka karar da giwayen Afirka saboda haure. Abin lura shi ne sanin wuri ya yi masa aiki, ba girman harsashi ba.

Kai, ko a gidanmu an yi. A watan Janairu na 1824 Bature Hugh Clapperton, wanda ke kiran kansa Abdullahi, ya sauka a Katagum zamanin Sarki Dankauwa, tare da abokin tafiyarsa Dokta Oudney wanda ya rasu a Murmur 'yan kwanaki bayan sun tashi. Clapperton ya rubuta cewa an sa shi ya gwada bindigarsa a gaban Sarki, ya harba sau biyu daga nisan yadi 60 zuwa 70, duka biyun ya samu, Sarki ya yafa masa riga da hannunsa. Saiti aka yi wa tukwici, jama'a. Ba a ce Sarki ya tambayi fadin bakin bindigar ba.

Saboda haka in amsar tambayar kawai ake so, ga ta. Ga bindiga mara nauyi, harsashi tsakanin milimita 6.5 da 7 ya wadatar ga dabba irin kanki da gwanki da gadu, muddin an sa shi inda ya dace, .308 kuma shi ne makura. Ga bauna da giwa kuwa, babu zancen mara nauyi. Kasashe irin su Tanzaniya ma .375 suka sa a matsayin mafi kankanta da za a fuskanci dabba mai hadari da shi. Wanda ba zai iya daukar nauyin bindigar bauna ba, bai isa shiga dajin bauna ba.

Tambaya ta biyu: dajinku

To amma ina baunar take? Wannan ita ce tambayar da na yi wa abokina ya yi shiru. Mu da aka haifa a kudu muna dauke da wani Katagum a zuciya wanda daga bakin kakanni muka same shi: kurmi a bakin kogi, barewa garke-garke, maharban da ke dura sango mai dafi a bakin bindiga su tunkari giwa. Wancan Katagum din ya tafi. Ka hau mota daga Azare ka nufi Gamawa ko Sakwa ko Itas, abin da za ka gani gona ce ta hade da gona, gero da dawa da wake da ridi, fadama kuma shinkafa da kayan lambu. Inda babu gona, masu gawayi da masu itace sun share.

A duk kwanakin da na yi ina bin Baffa, abin da muka dawo da shi zabo ne, da fakara, da zomo, da dinya in ruwa ya ja baya. Gada sau daya na ga ya samu, ranar har makwabta sai da suka shigo kallo. Barewa kuwa ya ce rabonsa da ita tun kafin a haife ni. Duk wadannan babu wanda ke bukatar .308. In ka harbi zabo da shi ma gashi za ka tsinta. Sannan ka tuna harsashin irin wannan bindiga in ya kuskure yana tafiya fiye da kilomita 3 kafin ya fadi. A kasarmu ta yau, ina za ka juya bakin bindiga ka ce kilomita 3 babu ruga, babu mai noman rani, babu yaro mai kiwo?

Manyan namun da suka rage a Jihar Bauchi suna Yankari ne, can kasar Alkaleri. An kebe dajin a 1956, aka bude shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. Fadinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A can ne ake da bauna da gwanki da kanki da gwambaza da dorina, da daya daga cikin garkunan giwa kadan da suka rage a Najeriya. Kuma ba su rage don komai ba sai don an hana harbi a wurin. Wanda ya shiga da bindiga sunansa barawon daji, ba maharbi ba. Ga kuma dokar 1985 mai kare dabbobin da ke dab da karewa, wadda aka kara wa tsanani a 2016.

Wato dai duk wanda ya sayi bindigar manyan namu don ya kai ta Katagum, dayan biyu ne: ko ta zauna karkashin gado tana tsatsa, ko ta ja shi inda bai kamata ya shiga ba. Malamanmu da suka karantar da mu Risala sun ce farauta don wasa da nishadi kawai makaruhi ce, wadda aka halatta ita ce ta bukata. Wace bukata ce za ta sa dan kasuwa mai cin nama kullum ya karasa 'yan baunar da suka rage wa jikokinmu?

Tambaya ta uku: doka

A nan ne ma zancen kaliba ya fi shafarmu, kuma a nan ne samarinmu suka fi jahilci. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai rike su sai da izinin Shugaban Kasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja da lambobinsu: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Kashi na biyu su ne irin bindigar tsuntsu mai baki daya ko biyu, da bindigogin farauta wadanda fadin bakinsu ba ya cikin wadancan lambobi, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne na duri, irin adakar Baffa, wadanda maganarsu ke hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha.

Yanzu duba da kyau. Ita .308 din da abokina ke mafarki, tagwaye suke da harsashin sojan NATO na 7.62. Ita ma .30-06 fadin bakinta inci .300 ne. AK-47 da ta hana arewa barci ita ma 7.62 ce, sai dai kwansonta ya fi gajarta. Abin da Ba'amurke ke shiga kanti ya saya don harbin barewa, a nan ya fado daidai kan lambar da doka ta ware wa soja. Kana ganin a shingen hanya akwai wanda zai tsaya sauraron bayaninka cewa taka ta farauta ce?

Kuma mu mazauna kudu akwai abin da ya fi kotu. Ba mu manta da Uromi ba. A karshen watan Maris na 2025, mafarauta 'yan Jihar Kano sun taso daga Fatakwal a babbar mota za su gida yin karamar Sallah. 'Yan sintiri suka tare su a Uromi ta Jihar Edo, aka ga adaka a cikin kayansu, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe mutum 16. Allah ya jikansu, ya bi musu hakkinsu. Zalunci ne tsagwaronsa, babu uzurin da zai wanke wadanda suka aikata shi, kuma ba ina cewa laifin mamatan ba ne. Abin da nake so mu dauka shi ne: adaka ce fa, bindigar duri ta kakanni. To ina ga an bude buhu an ga mai madubin hange da harsashin 7.62 a hannun Bahaushe tsakanin Shagamu da Lakwaja?

Kuma abin ba a kan mai ita kadai zai tsaya ba. Babana yana nan aka yi rikicin Shagamu na 1999, har yau ba ya son a tayar da zancen. Abin da yake fada mana kullum shi ne a bakunta laifin mutum daya na kowa ne. In aka kama yaro daya na Sabo da irin wannan bindiga, gobe mai goro da mai shayi da mai wankin takalmi da dan acaba duk sun zama abin zargi. Amanar da iyayenmu suka yi shekaru suna ginawa da masu masaukinmu, sha'awar mutum daya na iya rusa ta a yini guda.

Masu ja da ni

Na san wani zai ce, to ai farauta gadonmu ce, so kake mu bar ta? A'a. Sarautar Sarkin Baka da Sarkin Dawa ba yau aka fara ta ba, kuma kowa ya ga rawar da mafarauta suka taka a Adamawa a 2014 lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi. Ina girmama su. Amma gadon da suka bari sanin daji ne: gane sawu, sanin inda iska ke kadawa, hakurin kwanto, sanin lokacin da dabba ke da ciki a kyale ta. Wannan ba a sayen sa a kanti. Wanda ke son gadon, ya je ya durkusa gaban irin su Baffa tun suna raye, domin suna karewa kamar yadda barewar ta kare.

Wani kuma zai ce ai ba don farauta kadai ba, har da tsaron kai, ga yadda kasa ta zama. To wannan magana ce daban, a kira ta da sunanta, kada a lullube ta da rigar farauta. Tsaron unguwa abu ne da ake zama a kai da Sarkin Hausawa da dattawa da hukuma, ba kowane saurayi ya boye tasa a daki ba.

Wanda kuma Allah ya hore masa, kuma lallai sai ya ga bauna ta fadi a gabansa, akwai inda ake yi bisa ka'ida. A arewacin Kamaru, wajen Garwa, gwamnati na ba kamfanonin farauta hayar dazuzzuka, da lasisi da adadin dabbar da aka yarda a harba, da kwararren da zai tsaya a bayanka. Sai dai kudin ba na mai huhu goma ba ne.

Shawarata ga abokina, da duk mai irin shaukinsa, ita ce wannan. In ka je gida da rani, bi maharbin garinku ka koyi daji. In har sai ka rike bindiga, to ta zama wadda doka ta yarda, da takardarta, wadda ta dace da zabo da dinya, kuma ta zauna can gida, kada ta hau mota zuwa kudu. In kuma bauna kake son gani, kudin da ka tara ya isa ya kai ka Yankari kai da kannenka, ku gan ta tsaye da ranta, ku yi wanka a Wikki ku dawo lafiya.

Abokin nawa bai ce ya yarda ba tukuna, amma jiya na ji yana tambayar babana ko Baffa na karbar almajirai. Babana ya yi dariya ya ce sai in zai iya tafiyar yini guda da kafa ba tare da ya duba waya ba.

Wanda ya ga kuskure a abin da na fada, musamman maharba da masana doka, don Allah ya gyara mini, dalibi nake. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya zaunar da kasarmu lafiya, ya mai da kowa gida cikin aminci. Sai mun sake haduwa in Allah ya kai mu.